Ruwan Wanke Hannun Baƙi

Talata, 4 ga Yuni, da la'asar

Bakwai suka tafi. Sau uku na ƙirga waɗanda suka sauko daga motar, kuma ko da yake a aji huɗu na tsaya a makaranta, na iya ƙirge har shida.

Tun hantsi muke bakin hanya, mu 'yan Zumuntar Mata, da farar riga da shuɗin zane, muna ta waƙa har muryar maƙwabciyata Dorika ta shaƙe, kowa ya huta. Shekara goma sha ɗaya ke nan da cocinmu na Barnaba ya ƙulla zumunci da wani coci a arewacin Ingila. Duk bayan shekara biyu namu su je a watan Mayu, nasu su zo a Yuli. Bana aka ce a tafi da mai waƙa, aka zaɓi jikata Tiyamike, don in ta ɗaga murya har masunta a cikin tafki sukan saki koma su saurara.

Fada Kalino, limamin cocinmu, shi ya fara sauka. Ya gaisa da kowa, ya tsallake ni, sannan ya dawo ya kama hannuwana biyu.

"Gogo Esnati, mu je gida mu zauna."

Na ce, "Fada, in labarin sai an zauna ne, faɗa mini a tsaye."

Ya ce ranar da za su taso aka ƙwanƙwasa ɗakinta, aka iske gado a gyare, da 'yar takarda a kan matashi: na gode, kada a neme ni.

Na ce, "Gado a gyare? To wannan ba jikata ba ce, ku koma ku duba da kyau."

Babu wanda ya yi dariya.

Na dafa mata kifin chambo da shinkafa tun safe.

Laraba, 5 ga Yuni, da rana

Na cinye kifin ni kaɗai. Gishiri ya yi yawa, kuma babu wanda ya faɗa mini.

Alhamis, 6 ga Yuni, da yamma

Taron Zumunta. Bencin da kullum ake matse ni a kai kamar ƙananan kifi a kwando, yau har zan iya miƙe ƙafa in yi barci. Shugabarmu Mayi Chirwa ta yi doguwar addu'a saboda "gidajen da suka kasa riƙe 'ya'yansu." Na fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin, don ɗanta na biyu yana Afirka ta Kudu shekara tara, ko gaisuwa babu.

Dorika kaɗai ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ce ba don ni ba ne, nan ne iska ke shigowa.

A hanyar gida ta ce, "Esnati, tsakaninki da Allah, kin sani?"

Na ce, "Na san tun safe zanenki a baibai yake, yaya."

Ta tsaya tana dubawa. Ƙarya nake. Amma ta bar tambayar a nan bakin hanya.

Asabar, 8 ga Yuni, da hantsi

Fanuel ya zo, mijin Tiyamike, ɗan Bambo Mwase babban dattijon cocinmu. Tun bikin Ista Tiyamike ke kwana a wurina, wai don gidana ya fi kusa da wurin koyon waƙa. Haka muka faɗa wa mutane, haka kuma zan rubuta.

Na shimfiɗa masa tabarma, ya wuce ya hau kujerar marigayi.

"Gogo, ina matata?"

"Kai da ka aura kake tambayar wadda ta goya? An miƙo mini ita tana da wata bakwai, uwarta na kwance a makabarta, ban taɓa ɓatar da ita ba ko a cunkoson kasuwar Nkhotakota. Kai shekara uku kacal."

"Wasa kike da ni."

"Da wa zan yi? Mijin jika ai abokin wasa ne. Ka sha shayi?"

Ya ɗora hannunsa a kan gwiwa. Na kalli bango. Ba na son kallon hannun nan.

Ya ɗauki keken ɗinkinta ya tafi da shi, wai kayan gidansa ne. Ban hana shi ba. Kwarkwaron zaren yana ɗaure a bakin zanena, ya je ya yi ɗinki mu gani.

Lahadi, 9 ga Yuni, bayan sujada

Fada ya karanta saƙo daga Ingila. Masu ba da takardar shiga ƙasarsu sun yi fushi da cocin can, don su suka tsaya wa mutanenmu. Ba a san ko za a sake barin wani namu ya je ba. Su ma kwamitinsu yana shawara ko za su zo a Yuli ko a fasa. Rufin makaranta da rijiyar da aka fara duk sun tsaya cak sai an ji.

Wuyan mutane ɗari biyu ya juyo wurina a tare. Ban san wuya yana ƙara ba sai yau.

Ba laifinsu ba ne. A nan kafin mutum ya tafi, babba daga gidansu yakan tsaya gaban bagade ya ɗora masa hannu a ka, ya ce, "Ni na aike shi, ni zan karɓe shi." Ni na tsaya wa Tiyamike. Na faɗa da ƙarfi kuwa, har 'yan bencin baya sun ji. Kanta yana da ɗumi, ta shafa man kwakwa da yawa kamar kullum, tafin hannuna ya yini yana ƙamshi.

A gidan Mayi Beryl, Baturiyar da ke sauka a wurina in sun zo, aka sauke ta, in ji Fada. To. Beryl ce ta ƙarshe da ta gan ta.

Laraba, 12 ga Yuni, da la'asar

Dutsen bayan makabarta ne kaɗai inda waya ke kamawa. Na hau, na kira lambar Tiyamike. Wata mai sanyin murya ta ce ba a samun ta. Na ce, na sani 'yar nan, ai shi ya sa nake kira.

Alhamis, 13 ga Yuni, da la'asar

Na hau dutsen.

Asabar, 15 ga Yuni, da la'asar

Na hau dutsen. Awakin wurin sun fara gaishe ni.

Talata, 18 ga Yuni, da safe

Iskar kudu ta taso, tafki ya yi fari da kumfa, babu kwalekwalen da ya fita. Can ma an ce iska ce kullum, da ruwan sama marar zuciya, wanda ba ya zuba ba ya ɗaukewa. Yarinyar da ko a nan sai ta ja zanena ta ƙara a kan nata.

Gashina ya cukurkuɗe. Ita ke yi mini kitso ranar Talata, tana ja kamar mai cire rogo, tana ce mini tsohuwar rediyo, wai ba a san inda ake kashe ni ba. Ni kuma in ce mata mai wuyan zalɓe. In na fara ba ta labarin kadan da ya nemi aurena a bakin tafki, sai ta ce, "Gogo, bara kin ce dorina ce." In ce dukansu biyu suka nema, kyau ai ba ƙarya ba ne.

Rediyon ta mutu da kanta yanzu. Zo ki gani.

Lahadi, 23 ga Yuni, da rana

Ban tashi karɓar Jibin Ubangiji ba. Gwiwa.

Laraba, 26 ga Yuni, da la'asar

Fada Kalino ya zo a kan kekensa. Na gasa masa dankali, ya ci uku yana cewa ya ƙoshi tun na farko.

"Lahadi uku ke nan ba ki zo bagade ba, Gogo."

"Gwiwa ce, Fada. Ba ta durƙuso."

"Sai in kawo miki har benci, kamar yadda nake wa tsoho Yohane."

"Kada ka wahalar da Ubangiji saboda gwiwata. Yana da nisan tafiya."

Ya ɓare dankalin a hankali. Ya ce duk Asabar da yamma yana zaune a coci saboda masu son sauke abin da ke zuciyarsu. Na ce madalla, in na ga mai kaya zan turo masa.

Ya riga ya hau keke ya sake sauko da ƙafa ɗaya. "Ni ma ina da ido ranar Ista, Gogo. Ban yi komai da shi ba."

Ya tafi. Wannan yaro, ni na share masa majina a makarantar Lahadi.

Alhamis, 27 ga Yuni, da safe

Ranar Ista Tiyamike ta zo coci ta ja ɗankwali har kan ido. Ta ce ƙofa ce ta buge ta. Ƙofar gidan Fanuel tana da yatsu biyar.

Sau biyu na kai maganar gaban dattawa. Bambo Mwase ne ke zama a tsakiya. Sun ce aure haƙuri ne, suka yi addu'a, suka mayar da ita.

Ba zan ƙara rubuta komai a kan wannan ba.

Litinin, 1 ga Yuli, da hantsi

Za su zo! Huɗu maimakon takwas, amma za su zo, ranar sha biyu ga wata. Dorika ce ta kawo labarin a guje, ba ko takalmi. Kuma da Beryl a ciki.

Sau uku Beryl tana sauka a gidana. Doguwa ce kamar gwangwala, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu shekarar da nawa ya rasu. Zuwanta na farko tuwon rogo ya kama haƙoranta na roba ya fito da su gaban Fada na wancan lokacin, ta ɗauraye ta mayar ta ci gaba da ci. Ranar na san za mu shirya. Turancina na aji huɗu ne, yarenmu a bakinta kuwa ko na jariri ya fi shi, amma mukan zauna a kan dakali mu yi gulmar kowa da hannu da gira har rana ta faɗi. Duk zuwanta, coci yakan ba ta kaza, jirgin sama kuma ba ya ɗaukar kaza, sai ta bar mini. Rabin kajin gidan nan jikokin Beryl ne.

Ita ce ta ƙarshe da ta ga Tiyamike. Ko ba ta san komai ba, ta san wace riga ta sa.

Laraba, 3 ga Yuli, da yamma

Kwamiti ya zauna. Bana baƙi ba za su sauka a gidajen mutane ba, masaukin baƙi na cikin gari za a kai su, mota ta riƙa kawo su. Bambo Mwase ne zai yi musu tafinta, shi zai bi su ko'ina. Mayi Chirwa ta zo da kanta ta faɗa mini cewa ba na cikin masu tarba, ba na cikin masu dafa abinci.

"Don ki huta ne, Gogo. Ga gwiwa."

Na ce, "Allah ya saka, 'yata. Ke ma ya hutar da ke haka."

Alhamis, 4 ga Yuli, da safe

Na share ɗakin baƙi duk da haka. Na wanke gidan sauro, na toshe ramin da ɓera ya yi. A ƙarƙashin gado na tsinci zaren da na ɗinke bakin jakar Tiyamike da shi ranar da za ta tafi. Jakar ba ta yage ba. Abin da na sa a cikin shafin, ni da allura muka sani. Takardun makarantarta dai ba sa cikin gwangwanin da nake ajiya. Wataƙila gara ta cinye.

Lahadi, 7 ga Yuli, da rana

Gwiwa.

Juma'a, 12 ga Yuli, da la'asar

Sun iso. Na tsaya a bayan katangar makaranta kamar ɓarauniyar mangwaro. Beryl ta tsufa, ta zo da sanda. Tana gaisawa da mutane tana leƙen saman kawunansu. Ta hango ni. Ta ɗaga sandar sama har ta kusa cire wa Bambo Mwase hula, ta nufo ni, sai ya sha gabanta da murmushi ya nuna mata rijiya.

Ban matsa ba. Ko na isa wurinta, me zan tambaya yana tsaye? Duk abin da ya shiga kunnen uba da rana, da yamma yana kunnen ɗa.

Litinin, 15 ga Yuli, da yamma

Sun ga makaranta. Sun ga asibiti. Sun ga rijiya sau biyu. Na bi su daga nesa da kwandon tumatir a ka, wai talla nake, ni da ban taɓa shuka tumatir ba. Bambo Mwase yana manne da Beryl kamar kaska a kunnen kare. Har bakin makewayi ya raka ta ya tsaya.

Lahadi za a yi walimar sallama, Litinin su tafi. Saura kwana shida. In ta hau motar nan ban ji komai ba, sai bayan shekara biyu, in sun sake zuwa, in ina nan.

Laraba, 17 ga Yuli, da hantsi

Na je wurin Dorika tana daka. Na karɓi taɓarya na taya ta, abin da ban taɓa yi ba tun da muka zama maƙwabta.

Ta ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Ranar Lahadi wa zai zuba wa baƙi ruwan wanke hannu?"

"Ni mana. Wadda ta fi kowa tsufa a Zumunta. Ba ke kike shelar haka shekara arba'in ba? Yaya Dorika, yaya Dorika, har a gidan biki."

Gaskiya ne. Tun muna amare nake rantsuwa ta girme ni. Da tsofaffinmu suka ƙare ita aka miƙa wa buta da kwano, ni ina gefe ina ce mata ta yi a hankali, ƙashin tsufa ba ya ɗoruwa.

Na kwance bakin zane na ba ta takardar baftismata. Ta kai ta nesa da ido, ta kawo kusa, ta ƙirga da yatsu.

"Shekara biyu da wata huɗu! Esnati, ke tsohuwar banza! Kin girme ni kika bar ni ina ta durƙuso!"

"Ai kin fi ni kama da tsufan ne."

Ta zauna a kan turmi tana dariya har da hawaye. Can ta share ido ta dube ni. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Buta ɗaya ba ta daɗewa fa."

Na ce, "Ya danganta da mai zubawa."

Alhamis, 18 ga Yuli, da yamma

Na kai takardar Zumunta. Ta zaga hannu ashirin. Mayi Chirwa ta karanta, ta juya bayanta ko akwai wani rubutu.

"Amma kwamiti ya ce…"

Dorika ta ce, "Kwamiti bai haifi kowa ba. Tun kafin a sa wa cocin nan rufin kwano, babbar cikinmu ce ke zuba ruwa. Ni yarinya ce ashe, ba zan shiga gaban yayata ba."

"To gwiwar fa, Gogo? Aikin durƙuso ne."

Na ce, "Ta warke jiya."

Matar Fada tana wurin. Ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Asabar, 20 ga Yuli, da la'asar

Na wanke babbar butar coci da toka. Na gwada a bayan gida. In na sirantar da ruwan kamar zare, yakan kai Addu'ar Ubangiji sau biyu da rabi. Baƙi huɗu ne. Ukun farko za su yi haƙuri.

Lahadi, 21 ga Yuli, da yamma

Bari in rubuta tun da zafinsa, in ya huce zan fara ƙara gishiri.

An jera baƙi a ƙarƙashin mangwaron coci, Beryl ce a ƙarshe. Na fito da buta da kwano da tawul a kafaɗa. Bambo Mwase yana tsaye a bayan kujerarta. Na durƙusa gaban baƙo na farko, na ɗaga kai na dube shi, shi dattijon. Namiji ba ya tsayawa a kan sa'ar uwarsa tana durƙushe, ko shi ya san wannan. Ya ja da baya, ya ƙara ja, har ya isa layin dattawa. Wanke hannu kuma ba ya son tafinta.

Dorika ta ɗauko waƙa da muryar nan tata mai korar tsuntsaye daga gonar shinkafa, mata suka amsa, ganga ta shiga. Ko aradu ta faɗi ba mai ji.

Na ɗiga wa ukun farko abin da ko kaza ba za ta sha ta ƙoshi ba. Na ja gwiwa zuwa gaban Beryl. Ta miƙo hannuwa, duk sun yi tabo-tabo na tsufa kamar nawa. Na saki zaren ruwa.

Na ce da turancina, "Yarinyata."

Ba ta ɗago ba, tana murza hannu. "Tana da rai. Sau biyu ta kira ni. Tana wani gida na mata, akwai masu taimaka mata da takardu. Tana cin abinci."

"Wace riga ta sa?"

Ban san abin da ya sa wannan ta fito ba. Beryl ta ce, "Babbar rigar sanyin mijina. Har gwiwa ta kai mata."

Ban tambaye ta yadda rigar mijinta ta fita daga gidanta da sassafe ba. Ita ma ba ta tambaye ni komai game da jaka ba.

"Ina take?"

"Ta ce kada in faɗa miki. Ta ce ƙarya ɗaya a gaban bagade ta ishe ki."

Ruwa ya kauce ya zuba a kan takalminta. Ta riƙe bakin butar ta mayar da shi kan hannunta.

"Esnati, ta ba ni tambaya ɗaya. Kullum kuka take saboda ke. Ta ce in kin ce ta dawo, za ta dawo. Maganarki take jira."

Butar ta ƙare. Na miƙa mata tawul.

Aka ci abinci. Ni ban san abin da aka ci ba. Na zauna a kan tabarmar mata da kwano a gabana, ina jin Fada yana cewa zumunci zai ci gaba, za a gama rijiya, sai dai namu ba za su je can ba sai an ga hali. Mutane suka tafa. Ni kuwa ina ganin ta tana saukowa daga motar nan da wuyanta na zalɓe, tana cewa Gogo wa ya yi miki wannan kitson kamar sheƙar ungulu. Kalma ɗaya ce. Ko turancin aji ɗaya ya isa faɗinta. Na juya ta a baki har ta yi zaƙi.

Fanuel yana zaune a layin maza, daidai gabana. Yau na kalli hannun. Ya kama kan kifi ya murɗe shi da yatsu biyu, yana dariya da na kusa da shi, ya tsotse, ya jefar.

Aka gama, na sake cika buta. Wanke hannu na biyu gajere ne, maiƙo kawai ake cirewa. Dorika ta sake ɗauko waƙa, muryar ta kusa ƙarewa.

Beryl ta miƙo hannu. "Me zan ce mata?"

Ruwa na ta zuba.

Na ce, "Ki ce kada ta dawo."

Ta ɗago ta dube ni.

"Ko an ce mata ba ni da lafiya, kada ta dawo. Ko an ce na mutu. Dorika ta iya binne mutum. Ki ce ni na ce."

Beryl ta kama hannuna a cikin kwanon, ƙarƙashin ruwan maiƙo inda ba mai gani, ta matse har zobenta ya shiga namana. Sannan ta karɓi tawul ta ce na gode da yarenmu, ta faɗe shi a karkace kamar kullum.

Tashi ya gagare ni. Wannan karon da gaske gwiwar ce. Fada Kalino ne ya zo ya ɗaga ni.

A bakin ƙofa Bambo Mwase ya tare ni. "Gogo, kun daɗe da Baturiya. Me take cewa?"

Na ce, "Ta ce ruwan ya yi zafi."

Litinin, 22 ga Yuli, da hantsi

Na ji motarsu ta wuce. Ban fita ba.

Litinin, da rana

Na auna garin mutum ɗaya, karo na farko tun da motar can ta dawo da shida. Ya kwanta a gindin tukunya kamar ba a zuba komai ba, ya kama kafin in juya muciya. Na ci da ƙanzon.

Gobe zan aro ƙaramar tukunyar Dorika. In ta tambayi ranar da zan mayar, zan ce mata ta saya wata.